Zuwa ga Yaya a Magazin: kada yaran nan su ɗaura injin da ido

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Hajiya da mutanen Aboabo baki ɗaya. Na ga hoton jirgin saman da yaran garejinka ke haɗawa a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma wallahi waldar ta yi kyau. Irin wannan aiki a nan Wisconsin sai ka jira makonni, ka biya kuɗi mai ciwo, alhali a Kumasi kafin la'asar an gama. Ta fannin hannu Amurkawa ba su fi mu ba.

Inda suka sha gabanmu shi ne awo. Duk abin da ka saya, inji ne ko farfela ko batir, da takardar nauyinsa yake zuwa. Mu kuwa injin tsohuwar Volkswagen muke cirowa, ba wanda ya san kilo nawa ne. Ƙungiyar masu haɗa jirgi a gida, EAA, wadda aka kafa a 1953, tana da dattawan da ke zuwa duba aikinka kyauta, kuma a rassanta akan sami sikelin aro.

Na tsaya na ga yadda suke yi. Aka zuƙe mai, aka daidaita jirgin da ma'aunin magina har ya kwanta sosai, aka sa sikeli ƙarƙashin kowace taya. Nauyin kowace taya aka ninka da nisanta daga wani layi da aka zaɓa, aka tara, aka raba da jimillar nauyi. Abin da ya fito shi ne inda nauyin jirgin ya taru, kuma a yawancin ƙananan jirage yana faɗawa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin fiffike daga gaba.

Ka tuna mai ga-ruwa da sandarsa: garwa mai sauƙi sai an matsar da ita nesa. Injin jirgi na Rotax 912 bai wuce kilo 60 da ɗoriya ba, injin Lycoming O-320 kuwa ya kai ninkinsa. Kilo 60 a nisan mita 2 daidai yake da kilo 120 a mita 1, shi ya sa mai ƙaramin inji ke tsawaita ƙarfen da ke riƙe shi. Nauyi ya rinjaya gaba, hanci ya ƙi ɗaguwa wajen sauka. Ya rinjaya baya kuma, wannan ne ke hana ni barci, domin jirgin na iya ɗaga kai ya juya, matuƙi ya kasa dawo da shi. Ƙaramin bambanci akan gyara shi da matsar da batir.

Ba sai an zo Amurka ba ma, tunda a filin jirgi na Kpong da ke Ghana wata matuƙiya, Patricia Mawuli, ta haɗa jiragen Zenith masu injin Rotax. Don Allah Yaya, a nemo sikeli uku masu gaskiya, a turo min lambobin, da nauyin wanda zai tuƙa. Kuma kada kowa ya tashi da shi sai hukumar jiragen sama ta Ghana ta duba.