Cika harsashi da hannu ko saye a kwali, wanne ya fi sauƙin kuɗi a harbin nesa?

Wannan magana ta 'yan harbin nesa ce a Amurka, inda doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa don amfanin kansa, musamman masu shiga gasar PRS da ke harbin farantin ƙarfe a nisan yadi ɗaruruwa har ya wuce 1000.

Harsashi ɗaya abu huɗu ne: kwanso, albarushi, kan harsashi, sai firaima, ɗan maɓallin ƙasan da ke tada wutar. Kwanso kaɗai ake maimaitawa. Na kamfanin Lapua da ake yi a Finland yana da tsada amma in ana kula da shi yakan kai cikawa 10 ko fiye, to a ce ka saye shi dala 1, kowane harbi santi 10 ya ci kenan. Kan harsashi irin Sierra MatchKing ko Berger ko ELD Match na Hornady shi ne ya fi cin kuɗi, kuma in ya tafi ya tafi.

Albarushi ne ke raba gardama. Laba ɗaya giren 7000 ce, giren kuwa shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin da ake auna albarushi da shi. Da nau'in harsashi irin .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor za ka fitar da harsashi wajen 160 zuwa 170 a laba, amma .338 Lapua Magnum, ɗaya daga cikin manyan harsasai masu cin albarushi da ake kira magnum, bai kai 80 ba. Duk da haka a kan manyan nan cikawa da hannu ta fi riba, don na kwalinsu tsadarsa ba a magana.

Abin da ke damuna wallahi shi ne mutane suna lissafin nan su manta da bututun bindiga, alhali kowane harbi yana ƙona maƙogwaron bututun, wato farkonsa inda wutar ke fara bugawa, kaɗan kaɗan, ranar da ka leƙa da madubi za ka ga wurin ya tsattsage kamar busasshen tabki. Na .308 yakan wuce harbi 5000, na 6.5 Creedmoor tsakanin 2000 da 3000 ya fara watsa harsashi, na magnum kuwa yakan riga su mutuwa. A ce sabon bututu da kuɗin ɗaurawa dala 800, raba da 2500, santi 32 kenan a kan duk harbi, ko kai ka cika ko saya ka yi.

Sai kayan aiki. Injin matsi shi ne na'urar da ake haɗa harsashin da ita: na Lee shi ne mai araha kuma yana aiki, Rock Chucker na RCBS ya fi ƙarko, Dillon na mai cika da yawa ne cikin sauri. Ni dai a ganina gara ka rage a inji ka ƙara a sikeli, don a nisan yadi 1000 ɗan bambancin awon albarushi yana sa harsashi ya faɗa sama ko ƙasa. Littafin awo na kamfani kuma dole ne, ba a yin wannan da ka. Kar ka manta albarushi da firaima in an aiko maka akwai kuɗin kaya masu haɗari daban, shi ya sa ake saye da yawa lokaci guda, kuma ƙarancin kayan da aka yi a 2020 zuwa 2021 ya ɗaga farashin firaima sosai.

In harbinka ɗaruruwa kaɗan ne a shekara da .308 ko 6.5, sayi na kwali mai kyau ka adana kwansunan. In kana kai dubbai, ko magnum kake riƙewa, sayi inji.