Zoben FT240-31 a kan kebul ɗin eriya: ƙarar da yake kashewa da wadda ta fi ƙarfinsa

Zoben ferayit ne, wato wani irin tangaran mai ɗaukar maganaɗisu, mai launin toka da nauyi a tafin hannu. Faɗinsa milimita 61, ramin tsakiya kusan 35.5, kaurinsa 12.7. Kamfanin Fair-Rite ke yin sa da lamba 2631803802, amma masu sha'awar rediyo sun fi saninsa da FT240-31. Mun gwada shi a kan eriyar daifol (mai hannu biyu, kebul a tsakiya) ta zangon mita 40, da eriyar waya mai karɓar wuta ta baki ɗaya, da kuma wayoyin caja. Hukuncinmu shi ne yana aiki sosai, amma a kan ƙara iri ɗaya tak. Wanda ya saye shi bai tantance irin ƙarar da ke damunsa ba, yana iya naɗa guda biyar allurar S, mai nuna ƙarfin abin da rediyo ke ji, ba ta ko motsa ba.

A ido, kebul na koyas waya biyu ne: ta tsakiya da ragar da ta lulluɓe ta. A mitar rediyo kuwa lantarki fatar ƙarfe kawai yake bi, don haka cikin ragar hanya ce daban, bayanta ma hanya ce daban. Wannan bayan raga shi ne waya ta uku da ba a lissafa da ita. Duk caja da ƙwan LED da inbatar sola da kebul ɗin ya ratsa kusa da su, sai ya kwashi shuunsu ya hau da shi har bakin eriya, daga nan ya shige ciki ya sauko cikin rediyo tare da sigina. Idan aka naɗa kebul ɗin a kan zoben, hanyar bayan ce ke toshewa. Siginar da ke ciki ba ta ma san an yi ba.

Saboda haka kafin ka saya, yi gwaji biyu. Cire eriya ka sa lodin gwaji na om 50, wato abin da ke maye gurbin eriya ba ya kama komai daga iska. In ƙarar ta tsaya yadda take, daga rediyon ne ko na'urar da ke ba shi wuta. In ta ɓace, mai da eriya, haɗa rediyon da batir mai bolt 12, ka kashe babban makunnin wutar gida, har da inbata. Ƙarar ta sauka? To ɓarawon yana cikin gida, sai ka riƙa kunna layukan ɗaya bayan ɗaya har ya tona kansa. A irin wannan hali ne zoben ke nuna gwanintarsa.

Lambar 31 ɗin ba ado ba ce. Haɗin manganis da zinki ne, kuma yana da ƙarfi tun daga ƙasan zango, wato ƙananan mitoci, mita 160 da 80 da 40, alhali wani haɗin mai lamba 43 yana da rauni a mita 160 da 80. Shi 43 ya fi nuna kansa daga mita 20 zuwa mita 10. Abin haushi, kamarsu ɗaya sak, kuma babu rubutu a jikinsu. Da zarar sun haɗu a akwati ɗaya, ido ba ya raba su. Ɗiga wa kowane fenti ranar da ya iso. In kuma an riga an cakuɗa, yi naɗi 10 na waya ka auna: 43 yana ba da wajen maikrohenri 107, 31 kuwa kusan ninki biyu.

Wurin naɗi ne akasarin mutane ke faɗuwa. Naɗi ɗaya yana nufin kebul ya ratsa ramin sau ɗaya, kuma turjiyar da zoben ke yi wa ƙarar tana ƙaruwa ne kamar an ninka yawan naɗin da kansa: naɗi 4 ya ninka naɗi 1 wajen sau 16. Shi ya sa ƙananan ferayit masu buɗewa da ake manna wa kebul sau ɗaya ba sa taɓuka abin kirki a mita 80. Amma yawan naɗi ma yana da iyaka. Kowane ƙari yana janyo ƙololuwar turjiyar zuwa ƙasan zango, sama da ƙololuwar kuma sai ta fara zubewa. Da kebul RG-400, naɗi 16 zuwa 18 ya dace da mita 160 da 80, 13 zuwa 14 da mita 40 zuwa 20, sai 10 zuwa 11 ga mita 15 da 10. Naɗi 18 yana cika ramin taf, na ƙarshe sai da ɗan dambe. Kowane naɗi yana cin wajen santimita 7, don haka ga naɗi 14 yanki mita 1.3, a samu rarar da za a sa kawuna. Jera su bi da bi, kada wani ya hau kan wani, ka ɗaure na farko da na ƙarshe da maɗaurin roba.

Kada a yi rowa wajen kebul. Mai farin soso a ciki, irin RG-8X, ba ya jure lanƙwasa mai tsanani haka. A hankali wayar tsakiya takan nutse cikin soson ta matso raga, musamman in ya ɗau zafi, wata rana sai ka ga SWR, ma'aunin dacewar eriya da rediyo, ya haukace ba dalili. RG-400 cikinsa Teflon ne, kaurinsa milimita 5, yana da tauri a yatsa amma ba ya wannan halin.

Mai ƙaramar na'urar awo ta NanoVNA yana iya tabbatar da aikin zoben. Haɗa ragar gefe ɗaya da tsakiyar tasha ta 1, ragar ɗaya gefen da tsakiyar tasha ta 2, da gajerun wayoyi, ka duba S21, wato yawan siginar da ta ratsa daga tasha ta 1 zuwa ta 2. Raguwar desibel 21 na nufin wajen om 1,000, desibel 34 kuma om 5,000, adadin da Jim Brown, mai sha'awar rediyo mai lambar kira K9YC, ya daɗe yana ba da shawarar a nema. Wannan adadi ya fi muhimmanci ga mai aikawa da wat ɗaruruwa, domin zoben da turjiyarsa ta gaza yana barin lantarki ya ratsa, ya mai da shi zafi. In zafin ya wuce digiri 130 na Salsiyos, ferayit ɗin na iya sakin aikinsa gaba ɗaya. In za a rufe shi a akwatin roba, a huda ƙananan ramuka a ƙasa don iska da raɓa.

Zobe na farko a bakin eriya ake sa shi, nan ne ƙarar ke shiga. Na biyu, in akwai, inda kebul ya shigo ɗaki. Eriya mai karɓar wuta ta baki ɗaya ita ce ta fita daban: tana amfani da bayan ragar a matsayin abokiyar aikinta, don haka a bar tazarar kusan kashi 5 cikin 100 na tsawon zango tsakanin taransifomar da ke bakin eriyar da zoben, wato mita 2 ga zangon mita 40. Na uku kuma ya fi amfani a jikin mai laifin, a naɗa wayar cajar ko ta inbatar sau 10 zuwa 14, dab da inda ta fito daga na'urar.

Abin da ba ya iyawa shi ne ƙarar da eriyar kanta ta ji ta iska. Tartsatsin da ke tashi a kan turken wutar lantarki, tsawar damina, inbatar maƙwabci da ke watsa shuu kai tsaye, duk waɗannan ta ƙofar da sigina ke bi suke shigowa, zoben kuwa bayan gida yake gadi. Maganinsu nisanta eriya, ko gyara tushen, ko eriyar karɓa mai zobe da ake juya ta ta ba ƙarar gefenta na kurumta.

Aibinsa na ƙarshe shi ne gautsi. Ya faɗi kan siminti daga tsayin tebur, ya tsage kamar tangaran. Ana iya manne shi da gam, amma siririyar tazarar da ta rage a wurin tsagar tana rage masa ƙarfi, musamman a ƙasan zango inda aka saye shi dominsa. Wanda ya tsage, a mai da shi kan wayar caja, a sa lafiyayye a bakin eriya.