Gargaɗi ga masu tsofaffin Fijo da Marsandi: hattara da masu tallar fitila a waya

Jama'a, duk wanda yake lallaɓa tsohuwar mota, ko Fijo 504 ce, ko 404, ko Marsandi 200 da 230 irin ta da, ya buɗe kunne. Akwai wasu mutane da suka ɓullo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na masu sha'awar tsofaffin motoci, suna tallar fitilun gaba da ƙwayayen LED, wai za su mai da maka dare rana. Sunan shafin yana sauyawa, lambar waya ma haka, shi ya sa ban ga amfanin ambaton suna ba. Salon nasu ne ba ya sauyawa, kuma ya riga ya ci kuɗin mutanen da na sani.

Abin da ya sa suke samun kasuwa shi ne matsalar da suke tallar maganinta gaskiya ce. Fijo 504 ta fito a 1968, kamfanin Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma an ci gaba da fitar da 504 a nan shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. Wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ma ta manyanta. Duk wanda ya taɓa tuƙa ɗaya da dare a hanyar Kano zuwa Zariya, tirela ta dallare masa fuska, ya san fitilarsa ba ta kai inda ya kamata. Yana cikin wannan damuwa sai ya ci karo da bidiyo: mota a cikin duhu, a kunna fitila, titi ya haske tas har ana ganin tsakuwa. Ku sani kyamarar waya ita da kanta take ƙara haske idan ta shiga duhu. Da ƙwan tocila ma ana iya yin irin wannan bidiyon.

Tallar farko ta masu neman kayan asali ce. Za a sa hoton fitilun kamfanonin Faransa, Cibié ko Marchal, sababbi dal a tsohon kwalinsu, a ce ragowar sito ne da aka gano tun lokacin da aka daina haɗa 504, saura biyu kacal. Hotunan daga shafukan cinikin Turai ake kwaso su. Idan ka kira, bakinsa zuma: "Ranka ya daɗe, ai irin wannan kaya sai irinku da suka san daraja. Wani Alhaji ma yanzu ya kira daga Maraɗi, amma tunda kai ka fara magana, turo rabi in ajiye maka." Lambar asusun da zai turo sunan wani ne daban, zai ce na yaron shagonsa ne. Washegari ya turo hoton kwali ɗaure da igiya a tasha, da lambar direba. Daga nan sai direban ya kira, ya ce kwastan sun tare mota a hanya, sai an ba da wani abu kafin a saki kaya. In ka tura, an gama da kai. In ka ƙi, nan ma an gama da kai, don rabin farko ya riga ya shiga. Ba a cinikin biri a sama, kuma wannan birin ma babu shi a bishiyar.

Wannan damfara ce tsagwaronta, ba ta buƙatar dogon bayani. Wadda ta fi damuna ita ce wadda kaya suke isowa, domin mai saye yakan ɗauka ya yi sa'a, sai bayan wata ɗaya ko biyu ya gane.

Na riƙe irin waɗannan fitilu a hannuna a garejin mai wayarin da nake kai wa aiki. Wani dattijo ne ya kawo su a ɗaura masa a 504 wagon ɗinsa. Daga nesa sai sheƙi suke. Mai wayarin ya juya ɗaya, ya cire ƙwan, ya zura ɗan yatsa ya shafi kwanon ciki, yatsan ya fito da toka-toka. Fentin feshi ne mai ruwan azurfa aka watsa a kan tsatsa. Gefen gilashin kuma an liƙe shi da silikon, har yana leƙowa ta kusurwa. Ya ce, "Baba, wannan ai gara naka na jikin motar." Kwanon fitila na gaske madubi ne, wani siririn rufi na alminiyam ake yi masa a masana'anta, kana ganin fuskarka a ciki sarai. Fenti yana ƙyalli amma ba ya tattara haske ya harba shi gaba, watsa shi yake yi, kuma zafin ƙwai yana dafa shi ya dusashe.

Akwai kuma wata matsala da ko a cikin masu wayarin ba kowa ne yake lura da ita ba. Fitilar na iya zama ta asali, mai kyau, amma ta ƙasar da ake tuƙi ta hagu ce, kamar Ingila ko Kenya, kuma Kenya ma ta daɗe tana haɗa 504. Najeriya ta koma tuƙi ta dama tun 2 ga Afrilu 1972, Ghana ta bi baya a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi duk ta dama suke bi. Fitilar da ta dace da mu, idan ka sa dim, haskenta yana yankewa a miƙe ta ɓangaren hagu, ya ɗaga sama ta dama don ka ga gefen titi da masu tafiya a ƙasa. Ta masu bin hagu akasin haka take: tana ɗaga hasken ne daidai idon wanda ke tahowa, ta bar maka gefen titi cikin duhu, inda mai keke da shanu suke. Ku duba jikin gilashin kusa da harafin E da ke cikin da'ira. In akwai kibiya mai kai ɗaya, ta masu bin hagu ce. In babu kibiya, tamu ce. Mai kai biyu ana iya saita ta ko ta ina. Lambar da ke kusa da E ɗin ƙasar da ta amince da fitilar ce, 1 Jamus, 2 Faransa, 11 Ingila. A fitilar kirki alamar a cikin gilashin aka zuba ta, za ka ji ta da yatsa. In ka ga sitika ce aka manna, ajiye.

Sai uwa uba, ƙwayayen LED. A jikin kwali za ka ga an rubuta wat 200, lumen (wato ma'aunin yawan haske) 20,000 ko fiye. Lissafin ba shi da wuya. Ƙwai mai wat 200 a motar volt 12 zai ja kusan amp 17 shi kaɗai. Ka sa mai wayarin ya jona shi da batir ta cikin mitar awon wuta a gabanka. Wanda na ga an gwada bai kai amp 2 ba, wato wat ashirin da 'yan kai. Kuma wannan ba abin mamaki ba ne, don manyan kamfanoni irin su Osram da Philips, waɗanda Jamus ta fara amince wa da sa LED a gurbin ƙwan halojin daga 2020, nasu ma wajen wat 20 ne, hasken bai kai lumen 2,000 ba, kuma izinin na wasu motoci ne da aka gwada aka jera sunayensu. Shi kansa ƙwan halojin na yau da kullum da ake kira H4, mai wat 60/55, lumen 1,650 yake bayarwa a ful, 1,000 a dim. To wane ne wannan da ya ninka Jamusawa sau goma a ɗan kwali marar adireshi?

A ce ma hasken yana da yawa. Kwano da gilashin tsohuwar fitila an zana su ne don ɗan siririn zaren da ke cikin ƙwai, a daidai wani wuri, da 'yar marfiyar ƙarfe a ƙarƙashin zaren dim mai tare hasken kada ya tashi sama. LED mai araha ƙwayoyinsa a kan faranti mai kauri suke, ba sa zama inda zaren yake. Sakamakon shi ne gaban bamba ya yi fari fat, rassan bishiya su haske, mai tahowa ya makance yana ta yi maka ful, amma can nesa inda kake buƙatar gani babu komai. Farin da ke kusa ma yana sa idonka ya tsuke, ka ƙara rasa na nesan. Mai motar kuwa zai rantse haske ya ƙaru, don abin da ke gabansa yake gani. Bari hazon hunturu ya sauko, wannan farin mai shuɗi-shuɗi ya dawo maka a fuska, sannan za ka san abin da ka saya. Af, Faransawan da suka ƙera motar, rawayar fitila doka ce a ƙasarsu har zuwa 1993.

Wasu daga cikin masu tallar har da yaron da zai zo ya ɗaura maka a gida, kyauta. Shi ne mafi tsada. Tsofaffin 504 da yawa ƙwai mai wat 45/40 suke ɗauka, wanda ake kira R2, gindinsa ba ɗaya ba ne da na H4. Da ya ga bai zauna ba sai ya lanƙwasa bakin kwanon da filaya, ya yanke soket na asali, ya murɗa wayoyi ya naɗe da salatif, ya jefar da robar da ke tare ƙura don fankar LED ta samu wuri. Ruwan damina na farko zai shiga kwanon. Wanda kuma aka sayar wa halojin mai wat 100/90, shi makunninsa ne zai biya, domin ƙwai biyu irin wannan suna jan kusan amp 16 ta wayar da aka yi don amp 9 ko 10. In fis ya dinga ƙonewa, sai a naɗa masa waya. Daga nan sai warin roba a ƙarƙashin sitiyari.

Abin haushin shi ne mafi yawan waɗannan motoci ba ƙwai ne matsalarsu ba. Wuta ce ba ta isa wurin ƙwan. A tsohon tsari wutar fitila tana tashi daga batir, ta shiga cikin mota, ta bi ta makunni, ta bi ta akwatin fis, sannan ta dawo gaba, duk ta wayoyi da mahaɗai masu shekara talatin ko arba'in da suka yi kore. Kamar tiyo mai huji ne, ruwa yana fita daga famfo da ƙarfi, ya iso bakin shuka yana ɗiga. Ƙwan halojin kuma ba ya yafe wannan. In wutar ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken ya tafi.

Gwajin minti biyar ne. A tayar da inji, a kunna fitila, a auna wuta a kan batir, za a ga wajen volt 13.5 zuwa 14.4. Sai a auna a bakin soket ɗin ƙwai yana kunne. In bambancin ya wuce rabin volt, akwai gyara. In ya kai volt ɗaya da rabi, ka samo ɓarawonka. Maganin rile biyu ne, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba, ɗaya na dim ɗaya na ful, da waya mai kauri kai tsaye daga batir, da fis kusa da batir ɗin, sai a kankare inda wayar at, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, take kama jikin mota har ƙarfe ya fito fari. Makunnin asali ya koma aikin ba rile umarni kawai, ya huta. Mai wayarin da ya san aikinsa zai yi wannan ba tare da ya yanke ko waya ɗaya ta asali ba. A haɗa da ƙwai na kirki mai wat 60/55, akwai ma halojin mai gindin R2 ga wanda kwanonsa tsohon yayi ne, a wanke cikin gilashi, a saita. Saitin kuwa bango kawai yake buƙata: a ajiye motar a fili mai daidai, mita 10 daga bango, layin yankewar dim ya sauka wajen santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitila. Dattijon nan mai wagon, wannan aka yi masa a kan tsofaffin fitilunsa, waɗanda ya sayo kuwa suna nan a lungun gareji.

In kwanon ya mutu da gaske, sai an nemi wani, to a tafi da ƙafa. Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna har yanzu ana dacewa da kayan Fijo, kuma can za ka ɗaga fitila ka kalli cikinta a rana, ka shafa alamar gilashi, ka tafi da mai wayarinka. Wanda yake nesa ya nemi wani nasa a garin ya je ya gani da ido. Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi kiran bidiyo ba. Ka ce ya rubuta sunanka a takarda ya ɗora kan fitilar, ya juya ta baya ka ga kunnuwan da ake ɗaurewa ko a karye suke. Na ƙarya a nan yake fara cewa netwok ba kyau, ko kayan suna sito, mai makulli ya tafi jana'iza.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada kunya ta hana shi magana. Ya je bankinsa a ranar, ba gobe ba, ya shigar da ƙorafi a rubuce da lambar shaidar turawar, domin ana iya neman a riƙe asusun da kuɗin ya shiga ne kawai in ba a riga an kwashe ba. Ya ɗauki hoton hirarsu da na shafin tun kafin a goge, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. In kuwa kaya sun iso amma ba abin da aka tallata ba ne, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi, don haka kada a jefar da kwalin da abin da ke cikinsa. Masu kula da zaurukan motoci kuma, don Allah duk wanda ya shigo da tallar fitila yana neman kafin alƙalami, a sa shi ya faɗi inda shagonsa yake, a tura wani ɗan zaure da ke garin ya leƙa kafin a bar tallar ta kwana.