GARGAƊI: An sayar min da mota "mai kilomita 62,000", kulocinta ya mutu a kwana 11

Jama'a ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse, raina ne a ɓace. Kilomita 62,000 mutumin da ya sayar min ya ce motar ta yi. 62,000. Haka mita ta nuna, haka ya rubuta a tallan da ya sa a Facebook, haka ya maimaita da bakinsa yana dafe da ƙirji. Kwana 11 kacal na hau ta, yanzu ga ta can a gareji, an sauke giyabos an ajiye a ƙasa.

Kafin wani ya zo yana cewa me ya hana ni dubawa: na duba. Shekara 14 ina tuƙa mota mai giyar hannu, ba jiya na fara ba. Na zaro sandar awon baƙin mai, na leƙa lagireto, na durƙusa na ga ko tana ɗiga, na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Har robar feda na duba, don na san motar da ta sha tafiya robar kulocinta kan suɗe. Na gan ta sabuwa fil, sai na ji sanyi a raina. Ni da hankalina! Mota mai shekara 9 da sabuwar roba, abin da ya kamata ya tsayar da ni shi ne ya kwantar min da hankali.

Wurin gwaji ne abin ke ta dawo min, ko barci na kwanta. Ya zauna a gefena, shi ke nuna hanya, bi nan, juya can, duk shimfiɗaɗɗen titi, ko tudu ɗaya babu. Ba mu yi minti 10 ba, ban wuce giya ta uku ba. Kuma na ji. Wallahi na ji sai na kusa ɗauke ƙafata gaba ɗaya sannan motar ke kamawa. Na faɗa masa. Ya yi dariya, ya ɗan taɓa gwiwata, ya ce: "Haba Yallaɓai, ai ƙananan motocin nan haka suke. Saiti ne kawai, aikin minti biyar. Wata dattijuwa ce ke hawanta, daga gida sai wurin aiki." Yallaɓai. Saiti ne kawai. Ya kalle ni cikin ido ya faɗi wannan, ni kuma na gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa albishir. Da a ce na nemi mu hau tudu ɗaya tak, da yanzu ba na wannan rubutu.

Ranar da ta tona asirin kanta ina hawan tudu ne a giya ta huɗu, da mutum uku a baya. Na taka totur, inji ya ɗauki kuka, allurar juyin inji ta tashi daga 2,500 ta haura 4,000, mota kuwa tana nan yadda take, ko ɗan ƙarin gudu babu. Sai warin ƙauri ya cika ciki. A'a, bari in gyara, warin tun kwana na uku na fara jin sa a cunkoso, na ce na babbar motar da ke gabana ne. Matata ma ta yi magana, na ce mata ta bar ni, na san mota. Wannan ita ce kunyar da ta fi min ciwo.

Bakanike ya ɗauko faifan kulocin ya miƙo min, ya ce: "Maigida, duba da idonka." Fatar da ke jikinsa ta cinye ƙurmus har ƙusoshin sun fito, sun karce filawil, wato ƙarfen injin da faifan ke kamawa, ga tabon shuɗi inda zafi ya ƙona ƙarfen. Kebur ɗin kulocin kuma an ja shi har ƙarshe, babu sauran saitin da za a yi. Wato saitin da mai motar ya ce min za a yi a minti biyar, sun riga sun yi shi kafin in zo. Sai an canza faifai, da murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke sakin sa, a kuma gyara fuskar filawil ta yi sumul. Kaya da kuɗin aiki sun kusa kashi ɗaya cikin biyar na abin da na biya motar. Ɗaya cikin biyar, a kwana 11.

Na yarda kuloci abu ne mai cinyewa, kamar birki. Na kuma yarda wanda ke ɗora ƙafa a kansa kullum zai iya kashe shi da wuri. Amma yaron garejin ne ya ɓamɓaro wata 'yar takardar canjin mai a jikin ƙofa, ƙarƙashin roba, inda suka manta ba su cire ba. Kilomita 151,000 ke rubuce. 151,000, ni aka ce min 62,000. Wace dattijuwa?

Na kira wanda ya sayar min tun ranar tudun, ko washegari ne, na manta. Ya ce mota ta hannu sa'a ce, wai ni ne ban iya sakin kuloci ba. Ni! Shekara 14! Kira na biyu bai ɗauka ba, na uku ya toshe ni. Jiya wani ya turo min sabon tallansa: wata motar daban, ita ma "dattijuwa ce ke hawa".

Ina da hoton tallan farko, da na mita, da na takardar man, da saƙon muryarsa inda ya ce saiti ne kawai. Zan saka su duka da zarar na gama shigar da ƙara, shi ya sa ban ambaci sunansa ba tukuna.

Mai niyyar saye: ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali. In inji bai mutu ba, kuloci na sulɓi, ka miƙa makulli ka tafi. Ka tuƙa har ta yi zafi, ka hau tudu, ka je da bakanikenka, ba nasa ba.

Bakanike ya ce sai jibi kayan za su iso. 62,000 wai.