Swiss Travel Pass da kwana biyar a Wengen: abin da na gani

Jama'a tun da muka dawo daga Suwizalan ni da uwargida ake ta tambayata wai wannan tikitin na Swiss Travel Pass ya ci kuɗinsa kuwa, kuma a wane gari ya kamata mutum ya sauka. Toh bari in haɗa amsar waje ɗaya dan ni a wajena tambaya ɗaya ce, inda ka ajiye jakarka shi ke nuna ko za ka mori tikitin ko kuwa ka yi asarar kuɗinka.

Tikitin dai na baƙi ne, ana saida na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15, mu na kwana 8 muka yanka. Da shi ba ruwanka da layin sayen tikiti, jirgin ƙasa, bas, jirgin ruwa na kan tafki, har gidajen tarihi sama da 500, kawai in mai duba tikiti ya zo ka nuna mai waya da fasfo shikenan. Daga filin jirgin Zurich muka hau, muka canja a Bern, muka sauka Interlaken Ost, awa biyu da 'yan kai. Manhajar SBB Mobile ta kamfanin jirgin ƙasan ƙasar kuwa wlh ita ce ta riƙe mu, tana gaya maka layin da jirgi zai tsaya da minti nawa gare ka kafin na gaba ya tashi, wani lokacin minti biyar ne kacal, da farko hankalina ya tashi na ce yanzu da akwatuna biyu za mu yi wannan gudun, ashe an tsara abin ne jiragen na haɗuwa da juna, ka sauka nan ka tsallaka can ka tarar da naka a tsaye.

Wani abu da na so ya ci ni: jirgin da ke tashi daga Interlaken Ost ɗaya ne amma in ya kai Zweilütschinen rabuwa yake gida biyu, rabi ya nufi Lauterbrunnen rabi ya nufi Grindelwald. An rubuta a jikin tarago ƙarara, ni ne dai ban duba ba ina ta ɗaukar hoto, sai da uwargida ta ce Malam anya nan ne namu? Muka fito da gudu muka canja tarago. Har yau ba ta bar ni na huta da maganar ba.

Yanzu batun masauki. Interlaken gari ne sosai, tsakanin tafkin Thun da na Brienz, akwai shaguna, akwai gidajen abinci na halal dan Larabawa na zuwa da yawa, kuma in niyyarka kullum ka fita wani gari kamar Bern ko Lucerne to nan ya fi maka. Mun kwana biyu can. Amma gaskiya ba cikin duwatsun kake ba, daga nesa kake hango su, kullum sai ka yi minti 20 kafin ka kai Lauterbrunnen sannan tafiya ta fara.

Lauterbrunnen shi ne wanda kuke gani a hotuna, kwari mai ruwa 72 da ke zubowa daga kan dutse, ga Staubbach nan kusan mita 300 a bayan gidaje. Mahaɗa ce, jirgin Wengen nan yake tashi, motar igiya mai zuwa Grütschalp, inda ake canja jirgi zuwa ƙauyen Mürren, ma nan. Abin da ya hana ni shi, ƙasan kwari ne, duwatsu sun tsare shi hagu da dama rana ba ta daɗewa, ga masu yawon buɗe ido cike da titi da rana. Grindelwald ya fi girma, motoci na shiga, yana ƙarƙashin dutsen Eiger, kuma tun Disambar 2020 da aka buɗe motar igiya ta Eiger Express minti 15 ta kai ka tashar Eigergletscher can saman dutse. Mai yara da kaya da yawa ina ga can zai fi jin daɗi.

Mu Wengen muka zaɓa, mita 1,274, babu hanyar mota sam, jirgi mai haƙora a ƙarƙashi shi ke hawa da kai daga Lauterbrunnen cikin ƙasa da minti 15, kuma tikitin ya ɗauke wannan hawan kyauta komai yawan sa. Nan ne na ga amfanin abin. Da safe mu sauka kwari, mu haye Mürren a ɗaya gefen, mu taka da ƙafa zuwa Gimmelwald, mu sauko Stechelberg mu hau bas, la'asar mu dawo gida mu huta, in mun ga dama bayan magariba mu sake sauka. Ba lissafi ba ciniki. Ranar da hazo ya rufe ko'ina ko hannunka ba ka gani sai muka ce toh yau ba ranar dutse ba ce, muka gangara muka hau jirgin ruwa a tafkin Brienz, ko sisi ba mu ƙara ba. Da yamma in baƙin yini sun watse ƙauyen sai ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙararrawar wuyan shanu, ga dutsen Jungfrau a gabanka rana na faɗuwa a kan ƙanƙara ta koma ja-ja. Mürren ya fi shi tsayi kuma wasu sun ce ya fi kyau, ban musa ba, amma hawa biyu ne kafin ka kai, da akwatuna ba wasa ba ne.

Inda mutane ke ruɗewa: tikitin a Wengen, Mürren da Grindelwald yake tsayawa. Daga nan zuwa sama ragi kawai ake maka. Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai, mita 3,454, tun 1912 take aiki, kashi 25 cikin ɗari kawai ake rage maka, sauran kuwa kuɗi ne na gaske. Shi ya sa in burinka hawa ƙololuwa ne ba yawo ba, ka zauna da biro ka gwada shi da Half Fare Card mai ba da rabin kuɗi na tsawon wata, ko Berner Oberland Pass, tikitin wannan yankin. Kuma kar ka biya na sama sai ka leƙa kyamarar da suke sawa a intanet da safe ka ga sama ta washe, dan in gajimare ya sauka farin bango kawai za ka je ka kalla.

Ƙorafina ɗaya ne kuma na masaukinmu ne, an rubuta minti biyar daga tasha, ba a ce hawa ne kamar tsani ba, na ja akwati har numfashina ya kusa ɗaukewa. Ku duba taswira da kyau, ku tambaya ko suna zuwa ɗaukar kaya da ƙaramar motarsu ta lantarki. Shaguna kuma da wuri suke rufewa a ƙauyukan, ranar farko burodi da cuku muka ci muka kwanta. Sannan wajen Nuwamba da Afrilu otal da yawa da wasu motocin igiya na rufewa dan gyara, mu Yuli muka je.

Tikitin na ba shi 4 cikin 5, Wengen kuwa in Allah ya sake kai ni can zan koma, amma wannan karon ɗakin da ke kusa da tasha.