Ajin tarihi na ranar Asabar a Unguwar Rimi: zangon Kirit ya ci kuɗinsa

Jama'a masu tambayata kan ajin tarihin nan da ake yi duk Asabar bayan la'asar a wata ƴar cibiyar karatu da ke Unguwar Rimi a Kaduna, amsata a dunƙule ita ce ku je, ku kai yaranku ma, musamman in aka sake zagayowa kan zangon tsibirin Kirit. Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗa, amma wallahi kuɗina bai tafi a banza ba.

Wurin ba wani ƙayatacce ba ne. Ɗaki ɗaya, kujerun roba, furojekta da farin bango, sai malami ɗaya da yake koyarwa da Hausa yana ɗan surka Turanci in ya zama dole. Wata-wata ake biya, kuma kuɗin bai kai na lesin ɗin yaro ɗaya ba. Ƴan sakandare ne suka fi yawa, sai ƴan jami'a, da iyaye mata a gefe guda, da wani dattijo ɗan fansho da baya fashi.

Kirit dai shi ne tsibiri mafi girma a Girka, yana cikin Bahar Rum, kudancinsa na kallon Libiya da Masar. Tun wajen 1900 kafin haihuwar Annabi Isa AS mutanen da ake kira Minowa suka gina manyan fadoji a Kinosos da Faistos da Maliya, suka rushe wajen 1700 aka sake gina su fiye da na da, benaye hawa-hawa, ga bututun yumɓu na jan ruwa, ga magudanai a ƙarƙashin daɓe, ga jerin ɗakunan ajiya cike da randunan man zaitun da hatsi waɗanda wasu sun kai tsayin mutum. Da aka haska hoton magudanan nan sai da ɗaki ya yi tsit, don kowa ya san yadda layinsu yake zama da damina a garin nan.

Amma abin da ya sa nake yaba malamin nan ba hotunan ba ne, kowa zai iya sauke hoto a intanet. Gaskiyarsa ce. Duk abin da ya nuna sai ya raba maka shi biyu, ga abin da aka tono daga ƙasa, ga kuma abin da mai tonon ya ƙara da hannunsa. Baturen Ingila Arthur Evans ya fara tono a Kinosos a 1900, amma malam bai bari an manta da ɗan kasuwar tsibirin ba, Minos Kalokairinos, wanda ya riga shi tona wurin tun 1878. Jajayen ginshiƙan fadar Kinosos da masu ziyara ke ɗaukar hoto a gabansu, na asalin katako ne kuma sun daɗe da ƙarewa, Evans ne ya zuba na kankare a shekarun 1920. Zanen bango ma haka, gutsattsari aka samu masu zane suka cike sauran. Akwai wanda aka cike shi a matsayin yaro yana tsinkar furanni, daga baya aka gano ashe biri ne mai shuɗin jiki! Malam ya nuna mana shi yadda guntayen asali suka fito daban, sai ka ga ɗan abin da ke hannu kaɗan ne, sauran duk hasashe. Dattijon nan ya ce, "To Malam, ashe yaudararmu Baturen ya yi?" Ya ce, "A'a Baba, da bai tallafe ginin ba da wani sashen ya zube, amma ya wuce gona da iri, shi ya sa nake so ku riƙa tambaya." Irin wannan tarbiyyar nake so yarana su samu, a makaranta haddar shekaru kawai ake ba su.

Ranar rubutu ita ta fi min daɗi. Faifan Faistos, wanda aka samu a 1908, yumɓu ne zagayayye da aka buga masa alamomi 241 da hatimi, iri 45, suna nannaɗewa zuwa tsakiya, har yau ba wanda ya karanta shi. Rubutun Minowa da ake kira Liniya A shi ma yana nan a kulle. Liniya B, wani rubutun da aka samu a kan allunan yumɓu a Kinosos, ita ce aka buɗe a 1952, kuma mai zanen gine-gine ne ya buɗe ta, Michael Ventris, ya gano tsohon Girkanci ne, wato bayan wata rushewar da aka sake yi wajen 1450 kafin haihuwar Annabi Isa AS mutanen Maisini daga babban yankin Girka ne ke riƙe da Kinosos. To me aka tarar a ciki bayan duk wannan wahala? Lissafi. Tumaki nawa a gari kaza, ulu nawa, mai nawa, mata masaƙa nawa da abincinsu, kamar dai littafin jangali, tumakin da aka ƙirga sun kai wajen 100,000. Kuma gobara ce ta gasa allunan ta adana su, da ba a yi gobarar ba da tuni sun narke sun koma ƙasa. Malam ya rabawa yara ɗanyen yumɓu da tsinke kowa ya rubuta kayan gidansu da alamomin, ƙaramata har yanzu allonta na kan taga.

Yanzu ƙorafi. An tallata zangon da cewa har da al'ummomin da suka biyo baya, amma lokaci duk ya ƙare a Kinosos, sauran aka bi ta kansu a guje a zama ɗaya. Wannan ya min ciwo sosai, don nan ne dokar Gortin take, wani tsohon birni a tsibirin, wadda aka sassaƙa a bangon dutse a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa AS, layi wajen 600, kana karanta layi daga dama sai na gaba ya dawo daga hagu. Tana magana kan aure da saki da bayi da gado, kuma a rabon gadon ɗa namiji kaso biyu ne mace kaso ɗaya. Da malam ya faɗi haka hannaye suka tashi ko'ina, iyaye mata na son jin me matar da aka saka take fita da shi, sai ga kiran magariba. Rumawa da suka ci tsibirin a 67 kafin haihuwar Annabi Isa AS suka haɗa shi da gabashin Libiya lardi ɗaya, minti biyar suka samu. Musulman Andalus da suka mulki Kirit daga shekarun 820 zuwa 961 kuwa ambato kawai. Don Allah Malam a raba zangon nan gida biyu.

Sai maganar wuta. In aka ɗauke, janaretan ƙarami ne, furojekta kawai yake ɗauka banda fanka, ga ƙara, na baya basa ji. Babu kuma takardar da ake ba mutum ya tafi da ita gida, sunayen nan kuwa baƙi ne a kunne, in baka rubuta ba sun tafi.

Ya ce zango na gaba na Nok ne, kuma da gangan ya jera su haka, don binciken da masanan jami'ar Frankfurt suka yi ya kai farkon al'adar Nok wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa AS, lokacin Kinosos na tsaye da mutanenta. Ga garin Nok ɗin nan a jiharmu, ƙaramar hukumar Jaba, kuma yawancin yaran ajin basu taɓa shiga gidan tarihin da ke titin Ali Akilu ba. Iyaye mun roƙa a haɗa da ziyara can, ya ce in an samu mota. Wanda zai je ajin ya riƙe littafi da biro, ya isa da wuri ya kama kujerar gaba kusa da taga.