Mai waldan da ya yi mana abin tunawa da dattijonmu a Argungu

Duk ƙungiyar unguwar da ke son kafa abin tunawa da wani dattijonta, ina ba ta shawara ta nemi irin mai waldan da ya yi mana namu. A Birnin Kebbi yake, rumfar kwano ce a bakin titi, cike da ƙyamaren ƙarfe da gadajen amare, amma a aikin rodi da siminti hannunsa ya faɗa ƙwarai.

Dattijon da muka so karramawa masunci ne, Allah Ya jiƙansa. Yawancin samarin unguwarmu shi ya koya musu iyo da kamun kifi a kogin Matan Fada. Bayan rasuwarsa sai matasa suka kawo shawarar a yi mutum-mutuminsa, har suna nuna hoton na Moremi, jarumar Yarabawa, da aka kafa a Ile-Ife a 2016. Liman ya ce bai yarda a sassaƙa surar mutum ba, dattawa suka goyi bayansa, magana ta tsaya cik.

Mai waldan nan ne ya warware mana. Da muka je masa, sai ya ce da ni: "Alhaji, me marigayin yake riƙewa in zai shiga ruwa?" Na ce gora da homa, wato ragar kamun kifi. Ya ce to su za a ɗora, duk wanda ya san shi zai gane. Wannan magana ta shige ni, domin haka muka gada. Ga Gidan Tarihi na Kanta nan cikin garin Argungu, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Ba wanda ya san kamannin fuskar Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, amma ka shiga ka ga takubba da masu da tambura da kabarin sarakuna, sai tsigar jikinka ta tashi.

Aikin kansa ya burge ni, musamman gorar. Ya fara ɗaure ƙashinta da rodi, ya lulluɓe da wayar raga, sannan ya shafe da siminti hawa-hawa, yana barin kowane shafi ya sha ruwa ya bushe. Bai yi ta a mulmule sumul ba. Ya roƙi a kawo masa ainihin gorar marigayin daga wurin iyalinsa, ya kwaikwayi har ɗinkin da aka yi wa tsagar da ke gefen bakinta. Ranar da aka buɗe, babbar 'yar marigayin ta sa yatsa a kan ɗinkin nan ta fashe da kuka. Homar kuwa da siririn ƙarfe ya saƙa ta, ido-ido, ya maƙala giwan ruwa a ciki da jelarsa a lanƙwashe. Wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifinmu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, zai san mutumin ya kalli kifi da kyau kafin ya taɓa ƙarfe.

Inda ban ji daɗi ba shi ne alkawari. Ya ce kafin Babbar Sallah, sai da damina ta yi nisa ya kawo, kullum dai maganar rashin wuta da tsadar man janareto. Fentin farko ma bai yi ƙarko ba, zafin bazara ɗaya ya sa ya fara ɓarewa a bayan kifin. Da muka kira shi ya zo da yaransa, suka kankare suka sake shafawa, kuɗin fenti kawai ya karɓa.

Allon sunan ku sa masa ido sosai. Mu mun sa an rubuta da boko da ajami, saboda tsofaffin abokan marigayin ajami suke karantawa, kuma sai da malamin makarantar allonmu ya duba rubutun a takarda kafin a zana a ƙarfe. Kuɗi kuma kada ku biya duka a tashin farko. Ku ba da na kayan aiki, sauran sai an kafa an gama, a rubuce, da shaidu biyu.